Théodore Monod: Masanin kifin da ya sa Moritaniya ta killace gaɓar tekunta

A ranar 22 ga watan Nuwamban shekarar 2000 ne Théodore Monod ya rasu a garin Versailles da ke kusa da birnin Paris, yana da shekara 98. Hoton da yawancin mutane suka riƙe nasa shi ne na wani tsoho mai farin gemu da ke tafe a ƙasa cikin rairayin Sahara, raƙumi na biye da shi. Sai dai aikin da aka ɗauke shi dominsa, wanda kuma ya ci albashinsa sama da shekara 50, shi ne binciken kifi da ƙananan halittun bakin teku. Daga wannan aiki ne aka samu gandun Banc d'Arguin na ƙasar Moritaniya, wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 12,000 da aka haramta wa jiragen kamun kifi masu inji, inda kifayen da ke ciyar da miliyoyin mutane a Afirka ta Yamma ke samun wurin girma.

Daga Paris zuwa Nuwadibu

An haifi Monod ranar 9 ga watan Afrilun 1902 a garin Rouen na arewacin Faransa. Mahaifinsa, Wilfred Monod, sanannen fasto ne, kuma iyalin sun koma Paris tun yaron yana ɗan shekara 5. Gidansu ba shi da nisa da Gidan Tarihin Halittu na ƙasar, inda ake adana tsirrai da ƙasusuwa da dabbobi daga ko'ina cikin duniya. Nan ya riƙa zuwa tun yana ƙarami, nan kuma aka ɗauke shi aiki a 1922, yana da shekara 20.

Sashen da ya shiga shi ne na kamun kifi a ƙasashen da Faransa ke yi wa mulkin mallaka, ƙarƙashin Farfesa Abel Gruvel. Manufar sashen a fili take: a gano irin arzikin da ke cikin ruwan waɗannan ƙasashe domin kamfanonin Faransa su amfana. A ƙarshen 1922 aka tura matashin zuwa Port-Étienne, garin da ake kira Nuwadibu a yau. A lokacin ɗan ƙaramin sansani ne a kan wani siririn tsibiri mai haɗe da ƙasa, babu bishiya, babu wadataccen ruwan sha, iska na kaɗawa dare da rana. Ya yi kusan shekara guda a wurin yana bin masunta, yana auna kifi, yana feɗe su, yana zana su, yana tattara duk wata halitta da ruwa ya bari a kan yashi idan ya janye.

Da wa'adinsa ya cika a 1923, bai hau jirgin ruwa zuwa gida ba. Ya hau raƙumi ya bi gaɓar teku ta kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita, har zuwa Saint-Louis ta Senegal. Wannan ce tafiyarsa ta farko a hamada, kuma hanyar ta bi da shi ta gefen yankin Arguin, wurin da zai sake komawa kansa bayan rabin ƙarni.

Abin da ya sa tekun ke cike da kifi

Wanda ya tsaya a bakin tekun Moritaniya zai yi mamaki. A bayansa hamada ce da ruwan sama ke wuyar sauka, a gabansa kuma ɗaya daga cikin tekunan da suka fi yawan kifi a duniya. Dalilin yana cikin iska. Iskar da ke busowa daga arewa tana tura ruwan saman teku ya yi nesa da gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Wannan ruwan na ƙasa yana ɗauke da sinadarai masu aiki kamar taki. Da zarar sun iso inda hasken rana ke kaiwa, sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa. Ƙananan halittu su ci tsirran, kifin sardin ya ci su, manyan kifaye su ci sardin. A kusa da Nuwadibu wannan tasowar ruwa ba ta yankewa duk shekara.

Kudu da garin kuma akwai wani faffaɗan wuri inda teku ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai kai mita 5 ba. Shi ne Banc d'Arguin. Rashin zurfinsa ne ya halaka jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse a 1816, lokacin da ya kafe a kan yashi. Abin da ya zama tarko ga manyan jirage shi ne ya zama mafaka ga ƙananan kifaye. Ƙasan ruwan lulluɓe yake da ciyawar teku, kuma a cikinta ƴaƴan kifi da jatan lande ke ɓuya suna kiwo har su yi ƙarfi su fita babban teku. Sau biyu a kowace rana ruwa na janyewa ya bar filayen laka cike da tsutsotsi da kumba da ƙaguwa. Duk wanda ya lalata wannan wuri ya taɓa kifin da za a kama nesa da shi shekaru masu zuwa.

Sai an san sunan abu kafin a kare shi

A farkon ƙarni na 20, yawancin halittun wannan gaɓa ba su da suna a littattafan kimiyya. Monod ya zaɓi aikin da mutane kaɗan ke sha'awa: ya zauna gaban madubin ƙara girma, ya rarrabe halittu ɗaya bayan ɗaya, ya zana ƙafafunsu da bakunansu, ya bayyana yadda za a bambanta wannan da wancan.

A 1924 ya bayyana wa duniya wata ƴar ƙaramar halitta dangin jatan lande da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta El Hamma a Tunisiya, cikin ruwan da zafinsa ya haura digiri 40. Ya sa mata suna Thermosbaena mirabilis, kuma ta zama ta farko a wani rukunin halittu da masana ba su san da shi ba kafin nan. A 1926 ya kare digirinsa na dokta da littafi mai shafi sama da 600 a kan wani dangin ƙwarin teku da ake kira Gnathiidae, waɗanda ƴaƴansu ke maƙalewa a jikin kifi suna shan jininsa kamar yadda kaska ke yi wa saniya. Masu binciken cututtukan kifi na komawa ga wannan littafi har yanzu.

Tsakanin 1925 da 1926 ya ratsa Kamaru daga bakin teku har zuwa Tafkin Chadi yana nazarin kifaye da dabarun masunta, ya wallafa sakamakon a 1928. Babban aikinsa a kan gaɓar Afirka ta Yamma ya fito ne a 1956: littafi mai shafi sama da 600 a kan ƙaguwar yankin, cike da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Shekara 25 bayan haka, a 1981, lokacin da masana biyu, Raymond Manning na Amurka da Lipke Holthuis na Holan, suka sabunta lissafin ƙaguwar Afirka ta Yamma, a kan aikin Monod suka ɗora nasu.

Amfanin irin wannan aiki ba ya fitowa nan take. Amma hukumar da ke son sanin ko wani kifi yana raguwa sai ta fara iya bambanta shi da ɗan'uwansa. Mai bincike da ya buɗe cikin kifi domin ya ga abin da yake ci yana buƙatar littafin da zai faɗa masa wace ƙaguwa ce a ciki. Ƙididdigar da ake kafa dokokin kamun kifi a kanta daga nan take farawa.

Bai tsaya a bakin ruwa kaɗai ba. A watan Oktoban 1948 ya shiga wani jirgin nutso mai kama da ƙwallon ƙarfe tare da wanda ya ƙera shi, Auguste Piccard, a gwajin farko da aka yi kusa da tsibiran Cape Verde. Mita 25 kawai suka sauka a ranar. A 1954, cikin sabon jirgin da aka gyara, ya sauka mita 1,400 a tekun Dakar, ya ga da idonsa halittun da a baya sai dai a jawo su matattu cikin raga.

IFAN da rassanta har Yamai

A 1938 aka naɗa shi shugaban cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, wadda a lokacin ba ta wuce suna da ƴan ɗakuna ba. Ya shugabance ta har 1965. Cikin waɗannan shekaru ta zama cibiyar bincike mafi girma a ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, da ɗakin karatu, da mujallu, da rassa a manyan garuruwa.

A tsibirin Gore an buɗe ɗakin binciken halittun teku, inda Jean Cadenat ya tattara littafin kifayen tekun Senegal. A Diafarabé ta ƙasar Mali, a bakin kogin Neja, Jacques Daget ya yi shekaru yana nazarin kifayen kogin, ya wallafa littafinsa a 1954. Kogin nan ne ke wucewa ta Tilaberi da Yamai da Gaya, kuma masu binciken kifinsa sun daɗe suna dogaro da wannan littafi. IFAN ta kuma tura masana zuwa duwatsun Ayar, ta wallafa sakamakon bincikensu a 1950. Reshenta na Yamai, wanda Boubou Hama ya taɓa shugabanta, shi ne tushen cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, kuma daga jikinsa gidan tarihi na ƙasa ya fito a 1959.

IFAN cibiyar mulkin mallaka ce, da kuɗin mulkin mallaka aka gina ta, kuma Turawa ne suka riƙe manyan muƙamanta tsawon shekaru. Monod ya yi aiki a cikin wannan tsari, amma sau da dama ya saɓa masa. A 1942 ya ɗauki Amadou Hampâté Bâ aiki a lokacin da hukumomin mallaka ke matsa masa saboda ɗariƙarsa. A zamanin da gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus ke iko da Dakar, ya yi ta sukar wariyar launin fata a shirye-shiryensa na rediyo, alhali matarsa Olga Bayahudiya ce ƴar asalin Cekoslobakiya wadda aka hallaka danginta a sansanonin Nazi. A 1960 ya sa hannu a takardar mutum 121 da ta goyi bayan matasan Faransa masu ƙin zuwa yaƙin Aljeriya.

A duk tsawon wannan lokaci bai daina tafiyar hamada ba. A 1927 yana cikin ayarin da ya gano ƙasusuwan mutumin Asselar a arewacin Mali. Ya ratsa Majabat al-Kubra, tsakanin Moritaniya da Mali, inda ake tafiyar ɗaruruwan kilomita babu rijiya. A can ne a 1964 ya tarar da kayan wani ayari da aka binne tun ƙarnoni da suka wuce, sandunan tagulla kusan 2,000 da tarin wuri. Waɗannan tafiye-tafiye ne suka sa sunansa ya fita, har suka rufe aikinsa na teku a idon jama'a.

Dokar 1976

Wajen 1959, wani limamin coci masanin tsuntsaye, René de Naurois, ya shiga tsibiran Banc d'Arguin ya ba da rahoton dubban tsuntsayen da ke sheƙa a can: kwasakwasa, da zalɓe, da wasu da dama. Ƙididdigar da ta biyo baya ta nuna cewa sama da tsuntsaye miliyan 2 ne ke zuwa cin rani a filayen lakar, daga arewacin Turai da Siberiya da Girinlan. Kamar yadda manomi ke sanin damina ta kusa idan ya ga shamuwa, haka masana ke gane lafiyar wannan gaɓa daga yawan tsuntsayen da suka sauka, domin tsuntsu ba ya tafiyar dubban kilomita zuwa inda babu abinci.

A daidai wannan lokaci manyan jiragen kamun kifi na Turai da Tarayyar Sobiyet da Asiya suka cika tekun Moritaniya. Ragar da ake ja a ƙasan teku tana tumɓuke ciyawa ta kwashe manya da ƙanana. Monod, wanda ya san gaɓar tun 1922 kuma ya zama mamba a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 1963, ya ba shugaba Moktar Ould Daddah shawarar a killace wurin tun kafin a kai gare shi. Hujjarsa ta haɗa tsuntsaye da kifi: wurin da ke ciyar da tsuntsayen shi ne kuma wurin renon kifin da ƙasar ke sayarwa.

A 1976 gwamnatin Moritaniya ta kafa gandun. Ƙasar na cikin yaƙin Yammacin Sahara, ba ta daɗe da fita daga farin da ya halaka dabbobi a duk faɗin Sahel ba, kuma kifi na cikin ƴan abubuwan da za ta iya sayarwa a waje. Duk da haka ta ware kusan kashi ɗaya cikin uku na gaɓar tekunta. A 1982 aka sa gandun cikin jerin Ramsar na muhimman wuraren dausayi na duniya, a 1989 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A 1986 attajirin Suwizalan kuma masanin tsuntsaye Luc Hoffmann ya kafa gidauniyar FIBA domin tallafa wa gandun. Monod da kansa ya rubuta tarihin tsibirin Arguin a 1983, tsibirin da ƴan Fotugal suka gina sansanin cinikin bayi da zinariya a kansa tun ƙarni na 15.

Masuntan da aka bari a ciki

A wurare da dama a Afirka, kafa gandu na nufin korar mutanen da aka tarar. A Banc d'Arguin an bar Imragen, wata ƙaramar al'ummar masunta da ke zaune a ƴan ƙauyuka kamar Iwik da Mamghar. Su kaɗai doka ta ba izinin su a cikin gandun, da sharaɗin ba za su sa inji ba. Suna amfani da jiragen katako masu ƙyallen da iska ke turawa, irin waɗanda suka gada daga masuntan tsibiran Kanari.

An san Imragen da wata tsohuwar dabara. Idan garken kifin da ake kira mule ya iso, sai su tsaya a bakin ruwa suna dukan teku da sanda. Dabbobin dolfin kan matso suna koro kifin zuwa gaɓa, masunta su shiga ruwa da ragarsu a kafaɗa, kowa ya samu rabonsa. Mata ke busar da naman kifin, su sarrafa ƙwansa da mansa. Wannan dabara ta yi rauni ƙwarai a yanzu. Daga shekarun 1980 ƴan kasuwa suka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan fukafukin kifin shak da ake kaiwa Asiya, masunta da yawa suka koma kansa, har sai da aka kai ga yarjejeniyar hana kamunsa da gangan a 2003. Zaman mutane a cikin gandu yana buƙatar ciniki da sasantawa a kullum, kuma har yau ana yi.

Inda shingen ya tsaya

Dokar 1976 ta kare wurin renon kifi, amma kifi ba ya zama inda aka haife shi. Da ya fita daga gandun, jiragen ƙasashen waje da kwale-kwalen masunta na jiransa. Daga wajen 2010 masana'antun garin kifi suka yawaita a Nuwadibu. Suna niƙa sardin, kifin talaka, su mai da shi abincin kifayen kiwo da dabbobi a Turai da Asiya. Ana buƙatar kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Masanan hukumar FAO sun sha bayyana cewa kamun da ake yi wa sardin a wannan yanki ya wuce ƙima. Kifin nan shi ne wanda ake busarwa ko a daskarar a kai kasuwannin ƙasashen da ba su da teku, don haka raguwarsa na isa har tukunyar da ke nesa da gaɓa.

Matasan yankin ma sun san Nuwadibu ta wata fuskar. Daga nan da sauran garuruwan gaɓar ne kwale-kwale ke tashi zuwa tsibiran Kanari na Sifen. Sama da mutum 31,000 ne suka isa tsibiran a 2006, sama da 46,000 kuma a 2024, ban da waɗanda teku ya ci. Da yawa daga cikin matuƙan kwale-kwalen masunta ne da sana'ar ta daina riƙe su.

A cikin gandun kansa, ƙididdiga ta nuna wasu nau'o'in tsuntsayen na raguwa idan aka kwatanta da 1980. Akwai kuma fargabar malalar mai daga ayyukan haƙar mai da iskar gas a tekun, da tashin ruwan teku da ke barazana ga tsibiran da ba su da tudu. Abin da ya sa ake iya ganin waɗannan sauye-sauye shi ne akwai tsofaffin bayanai da za a gwada da su, irin waɗanda Monod da abokan aikinsa suka fara tattarawa.

Shekarun ƙarshe

Monod ya riƙe kujerar farfesan kamun kifi a Gidan Tarihin Halittu daga 1942 har ya yi ritaya a farkon shekarun 1970, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin bincikensa yana nazarin ƙasusuwan kifi. Ba ya cin nama, ba ya shan giya ko taba. A kowace shekara yakan yi azumin kwana huɗu, daga 6 zuwa 9 ga Agusta, domin tunawa da Hiroshima da Nagasaki da kuma adawa da makaman nukiliya. Ya soki tseren motoci na Paris-Dakar a kan ɓarnar da yake yi a hamada. Idanunsa sun yi rauni sosai, duk da haka ya koma Moritaniya a 1998, yana da shekara 96.

A 2007 aka sa wa gidan tarihin IFAN na Dakar sunansa. Halittu da dama na ruwa da na tudu na ɗauke da sunansa a littattafan kimiyya. A Banc d'Arguin kuwa, a kowace shekara idan sanyi ya shigo, ma'aikatan gandun da masana daga Moritaniya da Turai na fita cikin jiragen Imragen su ƙirga tsuntsayen da suka sauka, su rubuta adadin kusa da na bara.